Ingilishin Matar Mai Gadi

Da hantsi mai kamyo, direban babbar mota, ya raɗa mini cewa mijin maƙwabciyata ya rasu a Ikko, mota ta buge shi a ƙofar gidan da yake gadi. Ni da labari bai taɓa kai azahar a bakina ba, na haɗiye wannan. A danginsu mace ba ta kai saƙon mutuwa, sai 'yan'uwansa maza sun iso daga Kelle, jibi.

Da la'asar matar ta shigo da tabarmarta kamar kullum. Tun da fari ya cinye shanunsu mijin ya tafi, da alkawarin zai dawo ya ɗauke ta, take koyon Ingilishi a wurina, ɗan abin da na tsinta ina wanke-wanke a gidan Bature a Jos. Sharaɗinmu kalma ɗaya, gulma ɗaya. Ta iya gaisuwa, ta iya ruwa da gishiri.

"Kaka, yau shiru? Ko haƙoran sun ƙarasa zubewa?"

"Kawo gulmata tukuna, ja'ira."

Ta matso. "Ta yau tawa ce. Zuwan da ya yi da Sallah ya bar mini ajiya, wata uku ke nan. Kada ki yaɗa, na san halinki. Shi zan fara gaya wa, da Ingilishi, ya sha dariya. Yaya ake cewa ina da ciki?"

Na dubi bango, ban ji komai a raina ba. Na faɗa mata. Harshenta ya karkace, na gyara. Muka yi ta maimaitawa har ta faɗa daidai.