Mai Leƙen Daddawa

Tasalla, taubashiyata, ajiye wayar nan ki ji. Yau kwana huɗu ke nan da likita ta tsinki ɗan nama a bakin mahaifarki ta aika a duba, ta ce ki dawo bayan mako biyu, amma ke har kin raba wa 'ya'yanki tukwane a zuci. Ni ko ludayi ba ki ba ni ba, Allah ya isa. Matso in ba ki wani misali.

An yi wata mata a wani ƙauye da ɗorawa ta kewaye, uwarta ce gwanar daddawa ta garin. Da tsohuwar ta rasu sai aikin ya faɗo kanta, ga 'yarta ta haihu za a kai gara, kalwar da ta rage a gidan kuwa kwano biyu ce tak, babu wata sai baɗi. Ta wuni tana dafa ta, ta surfe da toka, ta wanke, ta sake dafawa da 'yar kanwa, ta juye da zafinta cikin masaki, ta rufe da faifai, ta lulluɓe da tsummoki, ta kai ƙuryar ɗaki mai duhu. Kwana uku kalwa take so a bar ta ita kaɗai, zafin jikinta ne zai mayar da ita daddawa. To ita wannan baiwar Allah ko tsakar gida ba ta kai ba zuciya ta ce mata, anya kanwar nan ba ta yi yawa ba? Ta koma ta ɗaga faifai. Tururi ya taso fari, ya shafi fuskarta kamar numfashin jariri, ya bi ta saman ƙofa ya tafi abinsa. Kalwa tana nan kalwa. Ta rufe. Tana tankaɗe ta tuna, ta je ta leƙa. Tana alwala ta tuna, ta je ta leƙa. In ta gyangyaɗa da azahar sai ta ga masakin yana yawo a kan ruwa yana nisa, ko ta ga matan dangin mijin 'yarta sun zauna sun zagaye miya, kowace ta ɗanɗana ta dubi 'yar'uwarta. Kwana uku suka cika, ta sa hannu ta ji abu sanyi ƙalau. Ta kira wata tsohuwa maƙwabciyarta, ta rantse mata ita ko kusa da ɗakin ba ta zuwa. Tsohuwa ta ce to, ta shiga ta gyara lulluɓi, ta faki ido ta shafa baƙin tukunya a gefen faifan. Kafin la'asar matar ta fito tana sake rantsuwa, yatsu biyar baƙi ƙirin, hanci da tabo, har goshi ya samu rabonsa.

Tsohuwa ta yi dariya har sai da ta dafa bango, sannan ta ce, "'Yar nan, duk leƙe ɗaya zafi kike sace mata, ita kuwa da shi take aiki." Ta ɗumama masakin da tururi, ta ƙara buhu, ta ja ƙyaure ta ɗaure da igiya, ta miƙa wa matar auduga da mazari ta kore ta gindin ɗorawa. Can ta zauna tana kaɗi. Fargabar ba ta tafi ba, Tasalla, kada in yi miki ƙarya. Ta zo ta zauna kusa da ita kamar baƙuwar da ba a san ranar tafiyarta ba. Amma hannu yana aiki, jajayen furannin ɗorawa suna lilo a sama kamar ƙananan ƙwallaye, ƙudan zuma na ta guɗa a cikinsu, inuwa tana zagaye bishiyar a hankali, zare yana tsawo. Ta ci tuwo ta ƙoshi, abin da ta kwana uku ba ta yi ba. Ran nan da hantsi tana cikin kaɗi, sai wani wari mai daɗi ya ratso dangar gida ya same ta har inda take. Ba wanda ya aiko mata, hanci ne ya fara sani. Daddawa ta yi, amma aikin kwana uku sai da ya ci bakwai, aka kai gara a makare.

Naki masakin yana hannun masu gwaji, ke ba ki da faifan ɗagawa sai na zuciyarki, kuma duk ɗagawa ƙarfinki ne yake fita, yini ɗaya ya zame miki biyu. Ban san abin da takarda za ta ce ba, ke ma ba ki sani ba. Ranar da aka sa miki zan yafa gyale mu je tare. In alheri ne mu biya ta wajen mai tsire, in da magani a gaba gara a same ki da ƙarfinki. Yanzu dai tashi ki ci abinci, don ba banza ba Hausawa suka ce, sauri ya haifi nawa.