Kafin Ya Gama

"Yaya, yau ma bai gama ba," in ji Auta, yana goge allon laftof da hannun rigarsa. Shagon babu kowa, daga shi sai fanka.

Kwana goma ke nan aikin yana tafiya. Yayansa, mai shagon gyaran, ya ɗebo ɗanyen rubutun babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ya ce da kansa zai haɗa ta tun daga tushe, shi ba ya cin dafaffe. Masu manhajar sun rubuta ƙarara cewa ana son ram, wato ƙwaƙwalwar aikin kwamfuta, giga goma sha shida. Tsohuwar laftof ɗin huɗu gare ta. Haka ya danna mata aikin, ya tafi babban birni sayo ƙarin ram. A bakin ƙofa ya ce wa Umma, "Kafin ya gama na dawo."

Tun ranar layin masu gyara ya samu abin dariya. Auta a aji uku ya ajiye boko, Turancin da ke gangarowa a baƙin allon sai dai ya bi shi da ido, kamar mai kallon ruwan sama ta taga. Amma ya ɗora laftof a kan bulo biyu don ta sha iska, ya juya mata fanka, shi yana jiƙewa da gumi. Kujerar yayansa kuwa ko kwastoma bai bari ya zauna ba.

"Auta, kwanci take yi ne?" in ji Injiniya na shagon gefe, mai satifiket a cikin gilashi. "Ka faɗa mana ranar ƙyanƙyasa mu zo ganin 'yan tsaki."

Auta ya ƙara matso da fanka kusa da laftof. Injiniyan da duk gyaransa guda ne, a kashe a kunna, shi ne yau da bakin magana.

Kullum da azahar Umma takan zo da kwano biyu, nasa da na yayansa. "Ya gama?" "Da saura, Umma." Ta ce wayar yayan nasa ba ta shiga, ya ce can sabis ne ba kyau. Ta ɗauki kwanon yayan na jiya a cike ta tafi.

Yau tana fita Injiniya ya shigo ba sallama, ya sunkuya kan allon, ya gyara tabarau.

"Kai, ko wannan akwalar ai kwana biyu ya ishe ta, uku in ta yi nawa. Me take yi har goma?" Ya ƙara matsawa. "To ga shi ma ya zo ƙarshe. Minti biyar, in ji ni. Bari in tsayar da Umma ta zo ta ga abin da maigadin nata ya tsare."

Ya fita yana ƙwala mata kira. Layukan allon suka fara rage gudu. Kukan fankar cikin laftof ya yi laushi, kamar numfashin wanda barci ke ɗauka. Auta ya jiyo takalmin Umma yana dawowa da sauri, har da 'yar dariyarta.

Bai iya Turanci ba, amma yatsunsa sun san hanya. Maɓalli biyu na tsayarwa. Kalma ɗaya ta sharewa. Ya danna, aikin ya koma layin farko.

Injiniya ya leƙa, ya yi tsaki. "Ka taɓa wani abu ko? Ai na faɗa, ba a ba wa irinku ajiyar ilimi."

"Ƙyale min shi," in ji Umma, tana gyara riƙon kwano. "Yayansa ya ƙara samun lokacin dawowa."

Karo na huɗu ke nan Auta yana share aikin, tun ranar da wani baƙo ya kira wayar shagon ya ce motar da yayansa ya shiga ba ta isa birni ba, har an binne shi a can, kuma har yanzu Auta bai faɗa wa kowa ba.