Wa Ya Juya Idon Sarkin Maƙera?

A katin farko, idon dama ne Sarkin Maƙera ya rasa a yaƙin Kogon Wuta. A sabon katin da aka buga, na hagu ne a rufe.

Kafin kamfanin ya ankara, katunan sun shiga shaguna. Wasa ne na jarumai da dodanni, ana saye a tara, a yi musaya, a kara da juna, kuma masu yin sa sun haddace tarihin kowane jarumi fiye da na kakanninsu. Nan da nan suka cika intanet da surutu.

Irin wannan rigima a kan Alƙaliya take faɗawa. Haka ake kiran ta a ofis, don ita ke kula da labarin wasan, ita ke yanke hukunci idan kati biyu suka ƙaryata juna.

Manaja ta jefa mata katin a tebur. "Hau sama wajen Bahago, ku samo min dalili."

"Ranki ya daɗe, ai waya ma ta isa."

"Na ce ki hau."

Bahago shi ne mai zanen katunan. Ɗakinsa na can ƙarshen bene, cike da warin fenti da kofunan shayi da suka koma mazubin buroshi. Tun zuwansa kamfanin, gaisuwa kaɗai ke haɗa shi da Alƙaliya, ita ma rabinta a matakala take zubewa. Ya daɗe yana kallon katin. Ya dubi kwamfutarsa, ya dube ta, sannan ya sunkuyar da kai.

"Laifina ne."

Suka wuni a kai. Daga ƙarshe suka ce ai sabon katin hoton Sarkin ne kamar yadda ya ga kansa a jikin garkuwarsa mai sheƙi. 'Yan wasa suka yi ta tafi, wasu ma suka rantse tun farko sun gane.

Ba a jima ba takobin Sarauniyar Gishiri, wanda shuɗi ne tun da aka ƙera shi, ya fito ja wur. Alƙaliya ta sake hawa sama. Suka ce takobin na canza launi idan mai shi ta yi ƙarya, sai kuma ya zama dole su ƙirƙiro ƙaryar da ta yi. A ranar ta fara jin dariyar Bahago.

Sai ga doki mai fukafukai, wanda aka binne da kuka a tsohon labari, ya dawo da ƙafafunsa a ƙarƙashin wani sabon jarumi.

A nan ta tsaya ta yi tunani. Mutumin da ke ƙirga ɓawon jikin dodo kafin ya zana shi, shi ne zai manta doki ya mutu? Da gangan ne. Kuma me kowane kuskure ke kawo masa, in ba ita ba? Ta rufe baki da hannu. Daga ranar, duk lokacin da sabbin katuna za su fito, sai ta fesa turare.

Manaja kuwa ta tara ma'aikata, ta buga tebur. "Kuskure ɗaya ya rage. Na gaba, mai zane ya tattara buroshinsa."

Alƙaliya ta ture abincin rana gefe. Ta hau benen, karo na farko ba kati a hannunta.

"Ka daina," ta ce. "In ganina kake so, ka buɗe baki ka ce kana son ganina. Ba sai ka rasa aikinka ba."

Ya ajiye alƙalami a hankali. "Ina son ganinki."

Kurakurai suka ɗauke cak. Kafin shekara ta zagayo sun yi aure.

Wata rana suna shan shayi a ɗakin zanen, ta zungure shi da gwiwar hannu. "Dokin nan ne ya fi ba ni wahala. Me ya kai ka tono matacce?"

"Ni? Zanena lafiya lau yake barin ɗakin nan. Na ɗauka ke ce ke canzawa don ki samu hanyar hawowa, shi ya sa nake karɓar laifin."

Suka dubi juna. Ashe akwai maɓarnaci a kamfanin, kuma har yanzu yana nan. Alƙaliya ta sauka a guje don ta sanar da Manaja, ta tura ƙofa ba ko sallama.

Manaja na gaban kwamfuta, tabarau a kan hanci, ta buɗe katin da za a kai ɗab'i, tana goge "ƙanwar Sarkin Maƙera" tana rubuta "matar Sarkin Maƙera". Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Rufe min ƙofa, 'yar nan. Na gama da ku, yanzu mai fassara da mai gyaran rubutu ne suka ishe ni da kallon juna."