Gayaunar Mai Tafiya

Ran kasuwar Tsanyawa wata mata ta dawo gida, bayan aure huɗu da zaman karuwanci a birni. Gari ya ce iska ke ɗibarta: yau ta so namiji kamar ta haɗiye shi, gobe ta tsane shi.

Mijinta na fari kuwa ya tarbe ta. Ya san tun da Turawa suka ɗebi ubanta aikin layin dogo bai dawo ba, ba ta ƙara yarda wani ya riga ta tafiya ba.

Ya kai ta gayaunar da ya yanka mata tana amarya. Gyaɗa ta yi shar.

"Malam, shekara tara kana nome ta? In na sake tafiya fa?"

Ya miƙa mata fartanya yana murmushi.

"Sai ta zama goma."