Baƙon da Ya Hana Haji Sarbini Yin Akurki

Haji Sarbini ya ɗora zarto a kan fallen rufin ke nan, sai matarsa Tukinah ta fito daga madafa da ludayi a hannu. A garinsu "Pak" ake ce wa maigida, uwargida kuwa "Bu".

"Pak, ka ji tsoron Allah! Asbesto ne fa. Ƙurarsa in ta shiga huhu ba ta fita, ga jikokinka nan suna birgima a ƙasa."

"Bu, a ƙarƙashin rufin nan na koyi alifu da ba, ga ni har yau ina cinye kwano biyu. Koma ki duba miyarki."

Tsohuwar makarantar da ke manne da gidansu, a wata unguwa ta garin Pekalongan, ita ake yi wa aiki. An kewaye ta da leda, ma'aikata sanye da fararen riguna da takunkumi suna sauke rufinta, suna kankare tsohon fentinta mai gubar dalma. An tara mutanen unguwa an yi musu bayanin yadda za su kare yara. Tukinah ta halarta, Haji bai je ba. Shi abin da ya sani, a unguwarsu ba a zubar da kayan gini matuƙar za su rufe kan kaza. Saboda haka tun kafin a kafa shinge ya kwaso falle uku domin akurki, a tsakar gidan da Laras da ƙanenta Danang suke wuni, jikokin da iyayensu suka bari amana suka tafi neman abinci Jakarta.

Alal haƙiƙa Haji ba mugu ba ne. Mutum ne da ya ƙare ƙuruciyarsa yana aiki a tashar jirgin ƙasa, ya fito da kunne mai nauyi da aƙida guda: maganar iyali shawara ce, maganar mai kayan sarki kuwa nassi ce da ba ta karɓar tawili.

Don a zauna lafiya ya tura fallayen ƙarƙashin busassun ganyen ayaba. Da aka yi la'asar Tukinah ta yafa mayafi ta tafi karatun mata, shi kuwa ya ɗauko zartonsa.

Bai kai ga ganyen ba sai ga wani gajeren ma'aikaci a ƙofar gida, fari fat daga kai zuwa dunduniya, fuska a bayan gilashi da takunkumi. Bai yi tambaya ba. Ya nufi ganyen ayaban kai tsaye, ya nuna da yatsa, ya yi wani gurnani.

Zarton ya faɗi. Haji ya ƙame kamar an ce ga babban sufeto.

"Ranka ya daɗe, ajiye su na yi, ba sata ba ce!"

Yaran, waɗanda ko mai sayar da kifi in ya yi sallama sukan ɓuya, suka tsaya suna ƙyalƙyala dariya. Haji ya tsawatar musu, ya ba da haƙuri a madadinsu. Washegari da kansa ya je bakin shinge ya kira ma'aikata, suka jiƙa fallayen, suka naɗe su cikin leda, suka tafi da su.

Daga ranar baƙon ya mayar da gidan wurin rangadi, kullum bayan la'asar, in Tukinah ta fita karatu. Ya nuna taga, Haji ya rufe. Ya nuna daɓe, Haji ya durƙusa da jiƙaƙƙen tsumma, shi da bai taɓa sanin inda tsumma yake kwana ba. Ya nuna hannuwan yara, Haji ya wanke su da sabulu har ƙarƙashin farce. Da sabo ya shiga, sai Haji ya fara buɗe masa cikinsa.

"Ranka ya daɗe, ka ga kai da yatsa ɗaya kake magana, a fahimta. Amma tsohuwar nan tawa, subhanallahi, rediyo ce da ba ta da makashi."

Sai baƙon ya nuna banɗaki. Haji ya wanke shi tas.

In Tukinah ta dawo, sai ya tare ta da wa'azi a kan hatsarin ƙura, ya zarge ta da sakaci. Ita kuwa takan ce, "Allah Ya ƙara ilimi, Pak."

Da aiki ya kammala aka cire leda, Haji ya sa aka dafa shinkafa mai kurkum, aka tula ta kamar dala bisa ga al'adar godiya, ya kai wa shugaban aikin, wani Wartoyo. Ya roƙi a nuna masa gajeren ma'aikacin nan mai zagaya gidaje.

Wartoyo ya ce, "Pak Haji, wanda duk ya fita shinge da rigar aiki a ranar zan sallame shi. Ai guba zai kai wa mutane. Mu ba mu aiki kowa gidanka ba."

Haji ya komo gida yana ta hailala. Ya zaunar da matarsa, ya sassauta murya.

"Bu, ashe ba ɗan Adam ba ne. Cikin bayin Allah na ɓoye aka turo mini saboda yaran nan. Ke kuwa da yawonki, ko sau ɗaya ba ki dace da ganinsa ba."

"Ba rabona ba ne, Pak," in ji ta, kanta a sunkuye.

Ya tashi ya yi alwala domin nafilar godiya. Yana tayar da kabbara, Tukinah ta zaro ƙunshi daga bayan buhun shinkafa, ta fice ta ƙofar baya, domin ta mayar wa ɗan ƙanwarta mai fentin motoci farar rigarsa da takunkuminsa.