Takardun Marigayi Baba Fasto

Yana tsakiyar shafi na biyu ya tsaya cak.

Layin da ke gabansa cewa ya yi: "Ku tuna da ɗan'uwanmu tela, wanda wuta ta cinye shagonsa ranar Talata." Sabon faston ya riga ya karanta shi da ƙarfi kafin ma'anar ta iso kansa. Ga tela can a benci na huɗu, hannu naɗe da bandeji, yana share hawaye. Ikilisiya ta amsa da amin. Shi kuwa gumi ya keto masa har cikin takalmi, don mai takardar nan wata bakwai ke nan da binne shi.

Mako goma da suka wuce ya iso daga makarantar tauhidi, da kwalin littattafai, da mata mai tsohon ciki, da dabaru cike da kai. Dattawan ikilisiya suka ba shi gidan fasto da wata uku na gwaji. Wa'azinsa na farko ya zuba ilimi har da na sayarwa. Rabin majami'a ta yi gyangyaɗi. Da aka tashi, shugaban dattawa ya riƙe hannunsa ya ce, "Wa'azi ya yi kyau, Fasto. Sai dai ba mu gane da wa kake ba."

A satin ne ya buɗe kabad ɗin ƙaramin ofis da ke bayan mumbari, ya tarar da wa'azozin marigayi Baba Fasto, ɗauri-ɗauri, na shekara talatin, wasu har sun yi ja. Ya ce zai ari ɗaya ya karanta, sau ɗaya kawai. Ran nan mata suka yi kuka, maza suka sunkuyar da kai, shugaban dattawa ya ce, "Kai, kamar Baba ne ya dawo!" Tun daga nan, kowane mako sai ya zari na sama. Wannan karon zirga-zirgar asibiti da matarsa ta hana shi ko duba takardar kafin ya hau.

Ana tashi daga sujada ya kulle kansa a ofis, ya jera takardar kusa da wata takarda mai shekara ashirin. Hannu ɗaya ne. Rubutun nan mai jirgewa hagu, da ɗan layi a ƙarƙashin duk inda ake so a ja numfashi. Takardar ce kawai fara sol.

Makullin ofishin biyu ne. Ɗaya na aljihunsa, ɗaya wurin Mama, matar marigayin, wadda ke share ofishin kowace Juma'a tun mijinta na da rai. Tsohuwa ce mai shiru, ko littafin waƙa ba ta buɗewa, da ka take rerawa. Ya tambaye ta a fakaice ko wani na shiga.

"Wa zai shiga, ɗana? Daga ni sai gizo-gizo."

Abu biyu ya rage masa, kuma babu mai daɗi. Ko dai wani dattijo ya gano shi, yana kwaikwayon hannun marigayi, yana ɗana masa tarko sai ranar zaman dattawa a tona shi gaban kowa, shi kuma ya kwashi mace da ciki wata tara ya rasa inda zai kai ta. Ko kuwa ɗaya abin, wanda shi da bakinsa ya sha koyar da cewa ba ya faruwa. Ya daina zama a kujerar Baba. In zai shiga ofis da rana tsaka sai ya bar ƙofa a wangale. Ƙarar kwanon rufi in rana ta dake shi ma zabura take sa shi.

"Ka rame kamar kai ke ɗauke da cikin," in ji matarsa. Ya yi yaƙe.

Ya yi alkawari ba zai ƙara taɓa kabad ɗin ba. Kwana biyar yana rubutu yana yagawa. Ranar Asabar, gobe dattawa za su zauna a kansa bayan sujada, ba shi da ko layi uku. Ya je ya murɗa makulli.

Akwai sabuwar takarda a sama.

Idonsa ya faɗa tsakiyar shafin: "Akwai wanda ke tsaye a gabanku yau da tsoro a cikinsa, yana ganin asirinsa na gab da tonuwa. Ya sani ana ganinsa."

Bai ƙarasa ba. Takardar ta suɓuce, shi kuma ya fita da baya da baya, har ya yi karo da benci.

A bakin majami'a ya tsaya har bugun zuciyarsa ya lafa. In dai tonuwa ce, gara ya tona kansa. Amma kafin dattawa, akwai wadda ya ci haƙƙinta. Ya koma ya tattara ɗaurin duka, ya nufi ɗakin Mama da ke bayan katanga.

Tana zaune a inuwa tana ɗinke wata tsohuwar riga. Ya durƙusa ya ajiye takardun a gabanta.

"Mama, ni ɓarawo ne. Mako tara ke nan wa'azin Baba nake karantawa kamar nawa. Gobe zan faɗa wa dattawa, in kora ce su kore ni. Amma akwai abin da ya fi wannan." Muryarsa ta koma raɗa. "Mama, har yanzu Baba yana rubutu."

Ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau. Ta gatsa zaren da haƙori, ta soke allurar a gefen zani, ba ta ko gaggawa.

"Tashi, ɗana, ƙasa da zafi. Ba za ka faɗa wa kowa komai ba, kuma ba mai korar ka, mutum ba ya satar abin da aka ajiye masa." Ta jawo ɗaurin, ta shafa takardar sama da tafin hannu. "Baban naku, Allah ya ba shi hutawa, murya gare shi kamar tsawa, amma shekara talatin ko layi ɗaya bai taɓa rubutawa ba. Ni nake rubutawa, shi yake karantawa."