Sunan Ɗan Fari

Bayan sadakar arba'in, Tasi'u ya karɓo na'urar da aka kwafe ƙwaƙwalwar mahaifiyarsa a ciki. Mai shagon ya ce tunani ai lissafi ne, ba abin da ya ɓace.

Ya ajiye ta a kan tabarmar marigayiyar, ƙanwarsa Lantana na kallo.

"Inna, ina wuni?"

"Lafiya lau, Tasi'una. Ka ci abinci?"

Shi ne ɗan fari, kuma kunya ba ta taɓa barin Inna ta kama sunansa ba, sai dai "yaron nan".

"Yaya, sun manta kunyar," in ji Lantana. "Mu mayar a gyara."

"Bari sai gobe." Ya matsa kusa da na'urar. "Inna, ban ji ba. Me kika ce?"